Tsohuwar Kwamfutar Tebur: A Ƙara Mata Kaya Ko A Sayi Sabuwa?

Kwamfutar tebur idan ta kwana biyu, alamominta sanannu ne. Ka danna makunni, ka tashi ka yi wata hidima ka dawo, ba ta gama farkawa ba. Ka buɗe burauza da shafi huɗu ko biyar, alamar linzami ta koma 'yar da'ira tana ta juyawa. Fanka na gurnani kamar za ta tashi sama. A nan ne masu ba da shawara ke rabuwa biyu. Wani ya ce a ƙara mata RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da take shimfiɗa aiki a kai, ta warware, wani ya ce kada a zuba kuɗi a tsohon abu, a sayi sabuwa a huta. Kowannensu yana iya yin daidai, kowannensu kuma yana iya jawo maka asara, domin a cikinsu babu wanda ya buɗe akwatin ya ga abin da ke ciki.

Kwamfutar tebur tarin sassa ce da aka haɗa da sukurori da wayoyi, kuma sassan ba sa tsufa tare. Akwati yana iya yin shekara goma sha biyar lafiya lau. Faifan ajiya mai juyawa, wato had-dis, yana iya gajiya tun furosesa, ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, na da sauran ƙarfi. Saboda haka ni a ganina sassan gida biyu ne. Akwai waɗanda in ka saya yau za su bi ka zuwa kwamfutarka ta gaba: SSD (ma'ajiyar bayanai ta zamani da ke maye gurbin had-dis), katin hoto, fawa saflai (mai rarraba wa sassa wuta) mai kyau, akwati, allon kallo. Akwai kuma waɗanda suke ɗaure da madabod, wato babban allon da ake dasa sassa a kansa, in ta tafi sun tafi: furosesa da RAM. Kuɗin da ka sa a rukunin farko ba ya ɓata ko da daga baya ka canza shawara. Na rukuni na biyu shi ne mai bukatar lissafi, kuma a kansa ne duk wannan muhawara take.

Kafin a taɓa aljihu, sai a fara gano wanda ke riƙe da aikin. A Windows, danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga sashen Performance. Ka bar shi a buɗe a gefe, ka ci gaba da irin aikin da ka saba yi, a daidai lokacin da kwamfutar ke ba ka haushi. Layuka uku za ka zuba wa ido: furosesa, RAM, da faifai. A tsofaffin kwamfutoci da yawa abin da za ka gani shi ne furosesa na zaune a kashi 15 ko 20 cikin 100 yana hutawa, layin faifai kuwa ya manne a kashi 100 ya ƙi saukowa, ƙaramar fitilar gaban akwati tana ci ba ƙyaftawa, kana jin ƙarar ƙas-ƙas daga ciki. Wanda ya ga haka ya ga amsarsa. Furosesan bai tsufa ba, jiran faifai yake yi.

Dalilin yana cikin yadda had-dis ke aiki. A cikinsa akwai faranti mai juyawa, galibi sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wani siririn hannu mai kai-komo a kansa yana karanta bayanai. Idan babban fayil ɗaya ne a jere, yana iya karanta megabait 100 zuwa 200 a daƙiƙa, ba laifi. Amma Windows da burauza ba haka suke aiki ba. Dubban ƙananan fayiloli suke nema a warwatse, kuma kowane nema sai hannun ya yi tafiya ya jira farantin ya zagayo, abin da ke cin kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Ka ninka wannan sau dubbai, ka ga inda mintocinka ke tafiya. SSD ba shi da abin da ke motsi, yana kai wa ga bayani cikin lokacin da bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na wancan ba. Wannan gajeren jiran ne ke sa kwamfuta ta zama kamar sabuwa, fiye da lambobin gudun da ake bugawa a jikin kwali.

Shi ya sa ba na son mutane su damu kansu da cewa tsohuwar madabod ɗinsu ba ta da ramin M.2 na NVMe, inda ake sa nau'in SSD mafi sauri. Gaskiya ne SSD na SATA, wato mai haɗuwa da waya irin ta had-dis, yana tsayawa a wajen megabait 550 a daƙiƙa, na NVMe a kan PCIe 3.0 yana kai 3,500, na PCIe 4.0 kuma yana ninka haka. Sai dai a buɗe takarda, shiga intanet da kunna kwamfuta, tazarar da ke tsakanin had-dis da SSD na SATA ita ce babba. Tazarar SATA da NVMe sai mai kwashe manyan fayilolin bidiyo ne zai ji ta sosai. Duk kwamfutar da ke da mashigar SATA, wato kusan duk wadda aka ƙera a shekaru goma sha biyar da suka wuce, za ta karɓi SSD mai inci 2.5. Kuma ranar da ka sayi sabuwa, ka cire shi ka tafi da abinka. A cikin duk gyare-gyaren da ake yi wa tsohuwar kwamfuta, wannan ne kaɗai zan ce a yi shi ba tare da dogon tunani ba.

Maganar RAM ta ɗan fi haka sarƙaƙiya. RAM kamar teburin tela yake: in yana da faɗi, sai a shimfiɗa yadi a yanka a ɗinka, in ya yi ƙanƙanta, rabin lokacin yana tafiya ne wajen ninke wannan a ajiye don a samu wurin shimfiɗa wancan. Idan RAM ya cika, Windows na kwashe wasu bayanai ya jibge a faifai, ya ɗauko su in an bukata. Wannan ne ma ya sa ƙarancin RAM ke ɓoyewa a bayan faifai, mutum ya ga layin faifai a sama ya ɗora masa laifi shi kaɗai. Don haka a dubi layukan biyu tare. In RAM na kai kashi 85 ko 90 a aikinka na kullum, ƙari zai yi amfani. In bai wuce rabi ba, ko ka ninka shi ba za ka ga canji ba, domin RAM ɗin da ba a amfani da shi ba ya ƙara wa kwamfuta gudu. A yau gigabait 4 ƙunci ne, 8 na isar mai rubutu da shiga intanet, 16 kuma na ba da sararin numfashi. Wanda yake kan Windows mai 32-bit ya sani cewa tsarin ba ya iya amfani da abin da ya haura gigabait 4, sai ya sake loda mai 64-bit kafin ƙarin ya yi masa rana.

Ka ciro sandar RAM ɗaya ka duba gefen da yake da haƙoran zinare, za ka ga wata 'yar tsaga. Wurin tsagar ya bambanta daga zamani zuwa zamani, da gangan aka yi haka don kada a cusa wani a ramin wani. DDR3 ya fito a 2007 da haƙora 240, DDR4 ya biyo a 2014 da 288, DDR5 ya shiga kasuwa a 2021, shi ma da 288 amma tsagarsa ta matsa. Babu wanda ke shiga ramin ɗan'uwansa. Ma'anar wannan ga aljihunka ita ce, DDR3 da ka saya yau zai mutu tare da madabod ɗin da ka saya masa. In da araha ka same shi kuma zai ba ka shekara biyu ta aiki cikin kwanciyar hankali, ya biya kuɗinsa. In kuwa za a tsawwala maka, ka tuna ba zai bi ka ko'ina ba. Sannan a sa sanduna biyu masu girma ɗaya a ramukan da littafin madabod ya nuna, domin haka ne ke buɗe hanya biyu ta shiga da fitar bayanai, kuma kwamfutar da ba ta da katin hoto na daban tana jin wannan bambancin sosai.

Yanzu sai furosesa, inda mafi yawan asara ke faruwa. Furosesa na zama a soket, kuma madabod ce ke yanke irin wanda za ta karɓa. Kamfanin Intel ya saba canza soket bayan zamani biyu ko makamancin haka: LGA1155 na 2011, LGA1150 na 2013, LGA1151 na 2015, haka dai har zuwa LGA1700. Akwai ma wani tarko a LGA1151. Furosesoshin zamani na 6 da na 7 da na 8 duk suna da wannan sunan soket ɗin, amma na zamani na 8 ba ya aiki a madabod ɗin na 6 da na 7, sai madabod mai cifset (guntun da ke haɗa sassanta) na jerin 300. Mai Core i5-6500 da ke son ƙarin ƙarfi, iyakar inda madabod ɗinsa za ta kai shi shi ne wajen Core i7-7700, mai cibiya huɗu, wato sassan lissafi huɗu a cikinsa. Irin waɗannan furosesoshi na ƙarshen layi kuma ba sa saurin faɗuwa a farashi ko a hannu na biyu, saboda duk mai irin madabod ɗin su yake nema. Ka biya da tsada, ka samu ɗan ƙari, ka tsaya a bango.

Labarin AMD ya sha bamban, kuma a nan ne gyara ya fi yin riba. Soket AM4 ya fito a 2016, ya ɗauki Ryzen na farko a 2017, ya ci gaba da karɓar sababbi har zuwa jerin 5000. A 2022 AMD ya buɗe ƙofa ga tsofaffin madabod na jerin 300, irin su B350, su karɓi Ryzen 5000 in wanda ya ƙera madabod ɗin ya fitar da sabon BIOS, wato manhajar cikin madabod da ke tayar da kwamfuta. Wato wanda ya haɗa kwamfuta da Ryzen 5 1600 a 2017 yana iya sa Ryzen 5 5600 a wannan madabod ɗin, da wannan RAM ɗin, ya samu ƙarfin da ya kusa na sabuwar kwamfuta. Sharaɗin shi ne ya duba jerin furosesoshin da kamfanin madabod ɗin ya wallafa, kuma ya sabunta BIOS tun tsohon furosesan na ciki, domin in ya cire shi tukuna, sabon ba zai tashi ba balle a sabunta komai. Kwamfutoci biyu ke nan, ta Intel da ta AMD, masu shekaru kusan ɗaya, ɗaya tana da hanya a gabanta, ɗaya ba ta da ita, kuma yawan shekarun bai faɗa maka komai a kan haka ba.

Sai wani abu da ya shigo ya sauya lissafin gaba ɗaya, wanda ba daga ƙarfe ya fito ba. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kwamfutar ba ta daina kunnuwa ba, amma facin tsaro na kyauta, wato gyaran da ke toshe ƙofofin kutse, da ake turowa kowane wata ya tsaya, sai ga waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi na ESU, wanda ga masu amfani a gida aka tsara shi zuwa Oktoban 2026. Windows 11 kuma, da ya fito a Oktoban 2021, ya zo da sharuɗɗa: TPM 2.0 (sashen tsaro mai adana makullan sirri), madabod mai UEFI (BIOS na zamani) da ke iya Secure Boot (tantance manhaja yayin tashi), aƙalla RAM gigabait 4 da wurin ajiya gigabait 64, sannan furosesa na Intel daga zamani na 8 zuwa sama, ko Ryzen daga jerin 2000, in ban da 'yan kaɗan da aka keɓe. Ka lura da inda layin ya faɗo. Wancan i7-7700 da mutum zai sayo da tsada yana ƙasan layin. Ryzen 5 1600 ma yana ƙasa, amma 5600 da zai maye gurbinsa a madabod ɗaya yana sama.

Abin takaici ne ganin kwamfuta mai lafiya, wadda SSD da RAM sun isa su ba ta wasu shekaru, an tsayar da ita saboda jerin sunaye. Amma takaici ba ya toshe ramin tsaro. Wanda ke shiga asusun banki, ko ke riƙe da takardun wasu mutane a kwamfutarsa, bai kamata ya zauna a tsarin da aka daina yi wa faci ba. Akwai dabarun loda Windows 11 a kwamfutar da ba ta cika sharaɗi ba, kuma sau da yawa suna aiki, sai dai Microsoft ya faɗa a fili cewa bai yi alkawarin ci gaba da turo wa irin waɗannan sabuntawa ba. Mafi tsufa kuwa, irin su Core 2 Duo, sigar 24H2 ba ta ma tashi a kansu. Kafin ka yanke ƙauna dai, ka gwada manhajar PC Health Check. In ta ce matsalar TPM ce kawai, ka shiga BIOS ka nemi PTT a Intel ko fTPM a AMD. Kwamfutoci da yawa suna da shi a cikin furosesa, a kashe kawai aka bar shi, kuma kunna shi ba ya cin ko sisi.

Ga mai wasanni ko mai tace bidiyo, katin hoto ne babban abin da ke ransa, kuma kati na cikin kayan da ke ƙaura. Ramin PCIe na tsohuwar madabod yana karɓar sabon kati. Abin da ke hanawa wuta ce da wuri. Ramin da kansa wat 75 yake bayarwa, waya mai baki 6 ta ƙara 75, mai baki 8 ta ƙara 150. Ka karanta takardar da ke manne a jikin fawa saflai ka ga ƙarfinsa, ka duba ko yana da waɗannan wayoyin, ka auna tsawon akwatin. A nan ne masu kwamfutocin ofis irin su Dell OptiPlex da takwarorinsu na HP da Lenovo ke cin karo da matsala, domin da yawansu, musamman sirara, suna da ƙaramin fawa saflai mai filogi na kamfanin kaɗai, wanda na kasuwa ba ya shiga wurinsa. Irin waɗannan sai gajeren kati da ke shan wuta daga rami kawai. Kuma in za a canza fawa saflai, araha ba ta ado. Shi ne ke shayar da kowane sashe, in ya lalace yana iya tafiya da madabod da faifai a lokaci guda. Haka nan katin zamani mai ƙarfi a kan furosesa mai cibiya huɗu na shekaru goma baya ba zai nuna ƙarfinsa ba, zai zauna yana jiran umarni.

Wani lokaci ma ba sayayya ake bukata ba. Furosesa in ya yi zafi da yawa yana rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone, kuma ƙurar da ta toshe fanka tare da man sanyayawar da ya bushe a kansa sun isa su jawo haka. Cire wuta, busa ƙura, goge tsohon mai a sa sabo ɗan ɗigo. Kwamfutar da ke manta kwanan wata duk lokacin da aka kashe ta, batirin CR2032 na jikin madabod ne ya mutu. Tunda akwatin na buɗe, ka haska fitila ka dubi ƙananan kafasito masu kama da gwangwani da ke kewaye da furosesa. Kansu ya kamata ya zama a shafe. In ka ga wani ya kumbura, ko wani abu mai ruwan ƙasa ya tsatso daga samansa, madabod ɗin ta kama hanya, kada ka saya mata komai daga rukunin da ke mutuwa tare da ita. Faifai ma yana ba da labarin lafiyarsa, manhaja irin CrystalDiskInfo na karanto shi. In ta nuna gargaɗi, kwashe bayananka a ranar.

To yaushe ne sauyawa ta fi? Lokacin da gyara ɗaya ya fara jawo wani. Kana son furosesa mai ƙarfi, soket ya ƙi, sai madabod. Sabuwar madabod ba ta karɓar DDR3, sai RAM. Ka ga abu uku sun tafi, kuma su ne zuciyar kwamfutar. Wanda ya kai nan ya riga ya sayi sabuwar kwamfuta, saura kawai ya yanke ko a tsohon akwati zai zuba ta. In akwatin na ma'aunin ATX ne na gama-gari, fawa saflai na da kyau, ga SSD da katin hoto, to sayen waɗannan ukun kaɗai hanya ce mai kyau, kuma mutane da yawa ba sa tunawa da ita saboda sun ɗauka zaɓi biyu ne kawai. Abin lura ɗaya shi ne lasisin Windows. Wanda ya zo tare da kwamfuta daga kamfani galibi yana ɗaure da madabod ɗin farko, wanda aka saya daban ne ake iya ƙaura da shi. Haka kuma kwamfutar ofis ta hannu na biyu mai furosesa na zamani na 8 zuwa sama takan fi a yi ta lallaɓa ta zamani na 3 ko na 4, domin ta zo da DDR4, galibi da ramin M.2, kuma ta tsallake layin Windows 11. Wanda lokacinsa kuɗi ne, wanda in kwamfuta ta tsaya aikinsa ya tsaya, garantin sabuwa ma abin lissafi ne a wurinsa.

Wadda ta faɗi ƙasan layin kuma ba ta zama shara ba. Linux Mint ko Ubuntu, tsarukan da ake lodawa a maimakon Windows, suna tafiya lafiya a kan furosesa na 2012 mai SSD da RAM gigabait 8, kuma Ubuntu 24.04 zai ci gaba da samun facin tsaro na kyauta har 2029. Ga wanda aikinsa burauza ne, rubutu, kallon bidiyo da karatun yara, wannan ya wadatar, kuma ana iya gwada shi daga filasha ba tare da an goge komai ba. Wanda sana'arsa ta rataya a kan manhajar da sai a Windows take aiki, shi kam sai ya tabbatar da akwai madadinta kafin ya ƙaura. Ina ba wannan hanya muhimmanci ne saboda abin da ke biyo bayan jefarwa. Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, ITU da UNITAR, suka fitar a 2024 ya ce a 2022 duniya ta tara tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, kuma abin da aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. A cikin madabod da tsofaffin allunan kallo akwai dalma da wasu sinadarai masu cutarwa, kuma inda ake ƙona su don ciro tagulla, mutane ne ke shaƙar hayaƙin.

In ka yanke shawarar rabuwa da ita, ko kyauta ko sayarwa, faifan ne abin da za ka fara tunawa. Goge fayil da zubar da kwandon shara ba sa cire bayanai daga had-dis, haka ma fomat na gaggawa, manhajar dawo da fayiloli na iya tono su. A Windows akwai zaɓin Reset this PC, ka zaɓi cire komai, ka kuma kunna zaɓin tsabtace faifai, zai ɗauki sa'o'i amma yana bin faifan ya shafe shi. SSD kuma kamfanonin da ke ƙera shi galibi suna da manhajar da ke goge shi gaba ɗaya. Mafi sauƙi shi ne ka kwance sukurori ka cire faifan ka riƙe, ka sa shi a ɗan akwatin USB ya zama wurin ajiyar kwafin bayananka, wanda zai karɓi kwamfutar ya sa nasa.